Fankar Kawu: Tudu ko Teku

A shekarar da na gama sakandare Kawu ya kawo mana fankar. Lokacin zafi ne, irin zafin Jidda mai danƙo, wanda mutum zai fito daga wanka ya rasa ko ruwa ne a jikinsa ko gumi. Gidanmu yana can cikin lungunan Karantina. Wutar lantarkinmu kuwa wata siririyar waya ce da aka jawo daga wani gida na bakin titi, ta ratsa gidaje da dama kafin ta iso mu. Mu ne wutsiya. Da rana ta take, maƙwabta suka kunna na'urorin sanyinsu, sai ƙwan ɗakinmu ya yi ja kamar garwashi, ya lumshe, ya mutu. Ƙanƙarar zoɓon da Umma take sayarwa ta narke a firji, ta koma jan ruwa a leda.

Kawu ƙanen Umma ne. Injiniya ne, wani kamfani ya ɗauko shi daga Najeriya aikin kwangila, ya ba shi gida a unguwar Bani Malik. Yana da iƙama, wato takardar izinin zama, a aljihu da biro a gaban riga, Hausarsa kuma cike take da Turanci kamar yadda tamu take cike da Larabci. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shigo zaurenmu da wasu ƙarafa naɗe a tsohon bargo. Ya warware su a kan tabarma: fukafukai uku farare, dogaye kamar hannun mutum, da wani dunƙulen inji mai wutsiya irin ta kifi. A kasuwar gwanjo ya same ta, wai daga wani jirgin ruwa na shaƙatawa aka ciro, ya yi watanni yana gyara ta a ɗakinsa.

Kakata, mahaifiyar Baba, wadda muke kira Sitti kamar yadda 'ya'yan Jidda suke kiran kakanninsu, ta sa yatsa ta taɓa fiffike ɗaya.

"Yaro, wannan mece ce?"

"Injin iska ne, Hajiya. In iska ta juya shi, sai ya ba da wuta."

"Ni dai na san fanka ta ci wuta ta ba da iska. Taka ita ce mai cin iska ta ba da wuta?"

"Ita ce, Hajiya."

"To Allah ya sa ba ta da haɗama. Iskar unguwar nan ba ta ishe mu ba ma."

Daga ranar sunanta ya zama fanka, duk ƙoƙarin Kawu na a ce injin iska.

Ba za ta ja na'urar sanyi ba, ya faɗa mana gaskiya tun farko. Amma za ta cika batura, baturan su riƙe ƙwayaye da fankar ɗaki da ƙaramin firjin Umma. Abin da ya rage shi ne inda za a kafa ta. A nan magana ta rabu biyu.

Kawu ya ce a saman gidanmu. Waya gajeriya, batir a zaure, ba ɗauka ba saukewa. Baba ya ce a'a, teku. Baba masunci ne, yana aiki a kwalekwalen kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takardar zama, kuma can kudu da gari, a cikin ruwa marar zurfi, masunta suna da wata rumfar katako a kan dirkoki inda suke hutawa su ɗinke raga. Ya ce iskar can ba ta barci. A kafa fankar a kan rumfar, shi zai riƙa tafiya da batir wanda ya mutu, ya dawo da mai rai.

"Alhaji, gishiri zai cinye ta kafin azumi," in ji Kawu.

"Injiniya, ba kai ka ce a jirgin ruwa aka haife ta ba? Ɗiyar teku ce, ka mayar da ita gidan ubanta."

"Batirin nan ka ɗaga shi kuwa? Bayanka zai ba ka labari."

"Bayan da ya ɗauki yayarka da kayan ɗakinta? Rabu da ni."

Kafin mako ya zagayo maganar ta fita daga gidanmu ta cika lungu. A ƙofar masallaci da teburin mai shayi maza sun kasu, ana ce wa waɗansu 'yan tudu, waɗansu 'yan teku. 'Yan tudu suna cewa abin da idonka ba ya kai, ɓarawo ne zai gaje shi. 'Yan teku suna cewa abu mai juyawa a sama yana jawo ido, kuma lungunmu, inda rabin mutane ba su da takarda, ba ya son ido. Mai gyaran takalmi ya ce ƙararta za ta hana jarirai barci. Ladan ya ce shi dai in za a ba shi reshen waya ɗaya ya sa a lasifikarsa, ko a kan hasumiya aka kafa ta ba ruwansa. Mutanen da ba su taɓa ganin fankar ba sun fi kowa sanin halinta.

Ni ina cikin 'yan teku, amma dalilina ba na kowa ba ne. Ina rufe ido in ga fararen fukafukai suna juyawa a kan shuɗin ruwa, babu bango, babu igiyar shanya, sai tsuntsaye. Na ga ya fi dacewa da ita, shi ke nan.

Matan lungunmu kuwa kusan dukansu 'yan teku ne, kuma nasu dalilin yana da nauyi. Sai wanda ya san saman gidajenmu zai gane shi.

Suɗuh muke ce masa. Fili ne na siminti a kan rufin gida, an kewaye shi da bango wanda ya ɗara tsayin mutum ta gefen lungu, amma tsakanin gida da gida gajere ne, mace tana tattare zane ta tsallaka. Maza suna da titi da masallaci da kasuwa da teku. Mu sama muke da shi. A can ake shanya, a can ake busar da kuɓewa da gyaɗa, a can ake kitso da lalle, a can ake shan shayin la'asar ana kallon sararin sama yana sauya launi. In dole ta sa namiji zai hau, mai gyaran tankin ruwa ko wani makamancinsa, sai ya tsaya a ƙasan matakala ya ɗaga murya ya ce, "Dastur!" wato yana neman hanya. Kalmar sai ta bi saman gidaje daga baki zuwa baki, mata su kwashi farantai da jarirai su sauka, don wanda ya tsaya a suɗuh ɗaya yana ganin na gidaje da yawa. Ba a cika yin haka ba. Ana iya watanni ba a ji dastur ba.

Ga sauran mata sama wurin hutu ne. Ga Sitti shi ne duk wajen da ya rage mata. Ta zo aikin hajji da mijinta tun Baba yana yaro, suka zauna, mijin ya rasu, takardunta suka mutu tun kafin a haife ni. Shekara da shekaru ba ta wuce bakin lungu. Kullum da hantsi take hawa, tana dafa bango, da tabarmarta da butarta. In ta zauna sai ta cire ɗankwali ta ajiye a cinya, ta bar iska ta shiga farin gashinta. Ban taɓa ganin fuskarta ta saki a wani wuri kamar yadda take saki a can ba.

Don haka mata suka yi ta addu'a teku ta karɓi fankar. Teku kuwa ba ta karɓa ba.

Wata rana da azahar Baba ya dawo yana warin kifi, ya zauna a zaure ya daɗe yana wanke hannu. Ya kai maganar rumfa, masunta sun ƙi. Babbansu ya ce gurnanin injin zai bi dirkoki ya shiga ruwa, kifi ya ƙaura. Wasu suka ce fukafukan za su kori tsuntsaye, su kuwa da tsuntsaye suke gane inda kifi ya taru. Kafilin Baba ya rufe maganar, ya ce halas, wato an gama, ba ya son abin da zai sa a riƙa zuwa rumfarsa da tambayoyi.

"Ashe gidan uban nata ba sa son ta," in ji Kawu, yana danne dariya.

"Ci gaba, Injiniya. Yau ranarka ce."

A wannan zaman Kawu ya bayyana yadda aikin zai kasance. Za a kafa dogon bututun ƙarfe a suɗuh, wanda zai wuce duk bangayen unguwa, don fankar ta sami iska mai tsabta. Kuma iskar Jidda gishiri ce da ƙura, saboda haka duk mako sai an hau an goge fukafukai, an sa giris, an duba notuna. Shi zai riƙa zuwa. In aiki ya riƙe shi, ya turo wani daga cikin ma'aikatansa.

Umma ta dubi Kawu, ta dubi Sitti. Firjinta ne, zoɓonta ne, ƙanenta ne. Sitti ce ta yi magana, ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Na ga yadda aka yi a gidan mai babban dish, can ƙarshen lungu. Da farko sufana ce take hawa. Daga baya kujera ta biyo ta. Sai tantabaru, sai abokan mai tantabaru. Je ki tambayi matan layin nan rabonsu da su sha iska ba lulluɓi."

"Hajiya, ni minti kaɗan ne zan yi in sauko."

"Na sani, yaro. Kai ɗan kirki ne. Shi ma mai dish ɗan kirki ne."

Washegari ba ta hau ba. Ta aike ni na sauko mata da tabarmarta da butarta, ta shimfiɗa a ɗakinta na ƙasa wanda tagarsa take kallon bangon maƙwabta. Na ce mata ai ba a kafa komai ba tukuna. Ta ce, "Ƙawata, gara in saba tun yanzu." Na zauna kusa da ita ina yi mata fifita da murfin kwali. Ɗankwalinta yana ɗaure tam. A ɗakin nan ta koma ƙarama, kamar an rage mata tsawo.

Da la'asar ɗin ranar mata suka taru a samanmu, wurin Sitti babu kowa. Cikinsu akwai maƙwabciyarmu ta jikin bango, wata 'yar Damagaram mai sayar da soyayyar gyaɗa a kasuwar Bab Makka, wadda duk lungu yake kira Gwaggo. Katafariyar mace ce, muryarta tana tsallaka gida uku ba ta gaji ba. Ana ta jimami, wata tana cewa a mayar wa Kawu kayansa, Umma tana kallon ƙasa. Sai Gwaggo ta juyo gare ni.

"Ke 'yar makaranta, kin ji bayanin kawunki. Wai in an hau, me ake yi wa abin nan?"

"A goge mata ƙura, Gwaggo. A shafa mata mai. A ɗaure abin da ya kwance."

"Shi ke nan?"

"Abin da ya ce ke nan."

"Bon. Goge ƙura, shafa mai, ɗaure abin da ya kwance. To mu tun asuba me muke yi? Ko an ce sai hannu mai gashi fanka take so?"

Aka fashe da dariya. Wata ta ce, "Gwaggo, ke za ki hau sandar? Ai sai ta lanƙwashe ta gaishe da mutanen lungu."

"Allah ya shirye ki. Ni ban hau ba, ke ma da kike kamar tsinken tsire ba ki hawa. Sai a ce wa mai ita ya koya mata saukowa."

Da wasa ta faɗa, amma na ga Umma ta ɗago kai.

Da Kawu ya zo, Umma ta tare shi a zaure kafin ya cire takalmi. Ta ce masa fanka za ta hau sama, amma namiji ba zai bi ta ba. Mu za mu kula da ita. Sai dai ya san dabarar da zai yi ta riƙa saukowa inda hannunmu zai kai. Ya yi dariya, ya dube ta, ya ga ba dariya take ba. Sai ya zauna a bakin tabarma yana juya biro a yatsunsa. Na san wannan zaman nasa, na mutumin da aka ba wasa mai daɗi ne.

"Yaya, ai ana yi," ya ce can. "Wasu jiragen ruwa sandarsu tana kwanciya in za su wuce ƙarƙashin gada. Sai in yi mata gwiwa a gindi, irin hinjin ƙofa. A sassauta igiya ta kwanta, a ja ta miƙe. Kai, wannan ma ya fi hawa aminci. Me ya sa ban yi tunaninsa ba?"

Baba ne ya ɗan turje. "In ta faɗo wa 'yar mutane a ka fa? Kuma me za a ce a ƙofar masallaci, an bar mata da aikin ƙarfe?"

"Alhaji," in ji Umma, "tukunyar da nake saukewa daga wuta ranar suna ta fi wannan injin nauyi, ban taɓa jin an yi maganarta a ƙofar masallaci ba."

Baba ya kalli ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, wadda take rufe tun safe. Sai ya gyaɗa kai.

Haka zaurenmu ya zama makaranta. Kawu yana zaune a gefe, fankar tana kwance a tsakiya, mu kuma mun kewaye ta da mayafanmu: ni, Umma, Gwaggo da wasu matan lungu. Ya nuna mana yadda ake ɗaure fukafukai kafin a taɓa komai, da inda giris yake shiga, da yadda ake gane noti ya ɗauru ba tare da an murɗe masa wuya ba. Ya kwance, muka haɗa. Muka kwance, ya duba. Gwaggo ta ɗaure wani noti, Kawu ya yi ta fama da shi har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Gwaggo, ɗaurewa na ce, ba kisa ba."

"Ɗana, ci tuwo. Biro ya shanye maka hannu."

Ni giris ne ya ba ni mamaki. Na zaci abu ne mai ƙazanta, sai na tarar yana da laushi kamar man kaɗe, launinsa kamar zuma mai duhu. Na daɗe ina jin ƙanshinsa a yatsuna ina karatu.

Sitti ba ta fito ko sau ɗaya ba. In na ba ta labari sai ta ce, "Uhm. Mu gani a ƙasa."

Dastur ɗaya muka yarda da shi. Wata safiya Kawu da Baba suka hau, suka huda siminti, suka kafa gwiwar da ƙugiyoyin igiya, suka kwantar da sandar da fankar a kanta, suka saukar da waya zuwa zaure. Da suka gama Kawu ya leƙo matakala.

"Yaya, tunda muna nan, bari mu ɗaga ta kawai. Na farkon ne mai wuya."

"Sauko," in ji Umma. "Wanda ya ɗaga ta yau, shi za a kira gobe. Abin da za mu riƙa kwantarwa da hannunmu, da hannunmu za mu tayar."

Suka sauko. Kawu ya ce mu yi sauri kafin iskar teku ta taso, don da safe takan yi luf, sai rana ta ɗaga take zuwa. Ya fita lungu ya jingina da bangon da yake fuskantar gidanmu, inda zai hango kan sandar in ta leƙo, Baba da 'yan tudu da 'yan teku suka jeru kusa da shi, kowa ya ɗaga haɓa.

Mata kuwa suka fara tsallako bangaye ta kowane gefe. Aka yar da mayafai, aka ci ɗamara. Gwaggo ta kama babbar igiya da mata a bayanta, Umma da wasu suka shiga ƙarƙashin sandar za su tura da kafaɗa, wasu suka riƙe igiyoyin gefe don kada ta karkace. Ni aka ajiye ni a jikin bangon lungu, inda akwai wata 'yar kafa a bulo, in riƙa karɓar maganar Kawu ina miƙawa.

"Yalla, bismillah!" in ji Gwaggo.

Sandar ta ɗaga daga siminti, ta kai gwiwa, ta kai ƙugu, ta wuce kan Umma. A nan ta tsaya. Hannun masu turawa ya daina kaiwa, nauyin duka ya koma kan igiya, masu igiya kuma kowa tana ja a lokacin da ta ga dama. Wannan ta ja, waccan ta saki. Sandar ta fara lilo, farin kan fankar yana kaɗawa a samanmu.

"Me ake ciki?" Kawu ya yi kira daga ƙasa. "Ban ga komai ba!"

"Ta tsaya a rabi, Kawu!"

"Kada a saki! Ku ce kada a saki!"

"Ce masa ba saki muka zo yi ba!" in ji Gwaggo, gumi yana zuba daga haɓarta. "Dusuma, ke ta baya, a hankali, ƙafata kike takawa!"

Na ji wata 'yar iska ta taɓa mini wuya. Igiya ta zame ɗan kaɗan a hannunsu, wata ta yi salati da ƙarfi. A lokacin ne na ji tafi a bayana, tafi ɗaya mai kauri. Sitti ce a bakin matakala, tana haki, hannunta ɗaya a bango. Hayaniyar ce ta hawo da ita.

"Wannan wane irin ja ne, kamar masu wawar nama? Ba ku taɓa lugude ba? In na tafa ku ja, in na ɗaga hannu ku numfasa. Ke mai gyaɗa, rufe baki ki buɗe kunne."

Ta tafa, suka ja. Ta ɗaga hannu, suka tsaya. Ta tafa, suka ja. A tafi na uku ko na huɗu jikinsu ya gane abin, ƙafafu suka daidaita, kafaɗu suka riƙa tafiya tare kamar taɓare a turmi ɗaya. Sandar ta riƙa miƙewa taki bayan taki. Daga lungu na ji maza sun ɗauki sowa, kan fankar ya leƙo musu.

"Ga ta nan! Ga ta nan! A ɗan ja ta hagu!"

"Hagunka ko hagunmu, Kawu?"

"Wajen masallaci!"

"Wajen masallaci!" na faɗa, masu igiyar gefe suka ja. Sandar ta zauna a gwiwarta da wata ƙara mai daɗi, ƙwas. Umma ta durƙusa ta zura ƙusar da take riƙe ta, ta ɗaure noti, aka ɗaɗɗaure igiyoyi a ƙugiyoyinsu. Sannan kowa ta zube inda take, ana haki ana duba tafin hannu.

Fukafukan suna ɗaure da zarge, igiyarsa tana reto har ƙasa. Umma ta kamo bakinta ta kai wa Sitti. Sitti ta dubi igiyar, ta dubi sama, ta fizge. Zargen ya warware ya faɗo a cinyarta.

Fankar ba ta motsa ba. 'Yar iskar ɗazu ta koma inda ta fito. Muka zauna muna kallon sama, maza a ƙasa suna kallon sama, unguwa ta yi tsit har ina jin kukan jirgi daga tashar ruwa. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai tuna sararin ya yi fari fat, da wata shirwa can nesa, da yadda kowace fuska a suɗuh ta koma ta yarinya.

Zanen da yake kan igiyar shanyar Gwaggo ne ya fara motsi. Sai wutsiyar fankar ta juya a hankali, ta nemi arewa, kamar mai jin an kira sunanta. Fiffike ɗaya ya sauka, wani ya hau. Suka sake. Kafin in ƙifta ido uku sun zama da'ira ɗaya mai sheƙi, tana wani siririn gurnani.

Gwaggo ce ta fara guɗa. Ta gidan gaba ta karɓa, ta bayanta ta karɓa, guɗar ta bi saman Karantina har inda ba a san dalilinta ba. Daga zaure muryar Kawu ta hawo matakala, ta fashe kamar ta yaro: "Allura ta motsa! Yaya, allura ta motsa!" Umma tana dariya tana share ido da bakin zane, hannunta duk giris, ta shafa shi a kumatu ba ta sani ba. Sitti kuwa ta dube ni.

"Ƙawata, tsayuwar me kike yi? Je ki ɗauko mini tabarmata."

Ƙanƙarar Umma ba ta ƙara narkewa ba, sai in iska ta yi kwanaki tana yaji. Safiyar Alhamis ta zama ranar fanka: a kwantar da ita, a goge, a shafa mai, a tayar, a sha shayi. 'Yan matan da ba su taɓa riƙe sufana ba suka riƙa faɗa a kan wadda za ta riƙe. Gwaggo ta yi ta ƙorafin gurnanin yana shiga mata kunne, amma ranar da aka kwantar da fankar ba ta nan, sai da ta yi fushi da mu har Asabar. A ƙofar masallaci kuma ba a daina ba. Baba yana nan a kan cewa da a teku ne, da wutar ta ninka.

Wata rana da yamma ina yi wa Sitti lalle a ƙafa, kanta a buɗe, na ji muryar Kawu a lungu. Ya zo da wani abokin aikinsa ya nuna masa. Na leƙa ta kafar bulo, na gan su sun jingina da bango, sun ɗaga kai. Baƙon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce yana so ya hau ya ga yadda aka yi gwiwar.

"A'a," in ji Kawu. "Sai dai in zana maka a takarda. Ni ma da na haɗa ta, nan ne iyakata."

"Wa ke nan?" in ji Sitti, idonta a lumshe.

"Kawu ne da baƙo."

"A sauke musu zoɓo mai ƙanƙara. Tsayuwa a lungu da zafi."